Jinjinar Kawu Namata a Gwanjon Kumashi

Sunana Arzika, daga wani ƙauye a karkarar Dogon Kiriya, ƙasar Arewa. Na ɗan zauna lakwal, makarantar boko, a Dogon Dutsi zamanin Faransawa, abin da na fito da shi bai wuce rubutu da ƙidaya ba. Zan faɗi labarin nan yadda ya zo, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Mai son labari mai tsalle-tsalle ya nemi wani.

A shekarar da nake magana idon mahaifina ya rufe. Gidanmu ba namiji mai ƙarfi sai ni. Na tafi Kurmi, ƙasar Kumashi can kudu, cin rani bayan an kai gero rumbu, bisa sharaɗi ɗaya: ruwan shuka ya same ni a gona. Ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙe laima. In ruwan farko ya sauka ba ka shuka ba har ƙasa ta bushe, to ka shiga jiran na biyu, kuma ba kowace shekara yake zuwa a kan lokaci ba. Wanda ya makara a shuka, da yunwa zai yi girbi.

Ba ni kaɗai na tafi ba. Ina tare da Kawu Namata, ƙanen mahaifiyata, makaɗin ƙwarya ne da ke bin masu goge a wasan bori wajen Lugu. Ni ba na bin wannan hanya, amma kawuna ne, kuma mutum ne mai amana. Abin da muka samu duka a ɗamararsa yake kwana.

Kumashi gari ne da ya fi ƙarfin idon baƙauye. Maigidan da muka fara sauka wurinsa a zango ya karɓi kuɗin ɗaki a hannunmu, da muka shiga muka tarar ya sayar wa wasu mutane da yawa ɗakin nan kafin mu. Kwana ake yi kamar an jera rake. Muka shiga dako a kasuwa, abin da suke kira kayakaya. Ba mai kiranka da suna, sai dai a tafa maka hannu. Abincinsu kuwa rogo da ayaba, ka ci ka ƙoshi, cikinka na tambayar ina abincin. Akwai ranakun da in na rufe ido ba abin da nake gani sai ƙwaryar fura a hannun matata. Wata tsohuwa Batoniya, ƴar ƙabilar garin, mai sayar da dokunu, tuwonsu na masara, ta lura ba na iya cin yajinsu, sai ta riƙa ɗebe mini nawa kafin ta zuba barkono, ta ɗora kan kifi a sama. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Allah Ya saka mata.

Daga dako na samu aiki wurin wani Bafante, mutumin bakin teku, mai gwanjo. Ƴan zango na ce masa Mai Ƙararrawa, don da ƙararrawa yake tara jama'a. In Bature zai koma ƙasarsu, ko ya mutu, shi ake ba kayan ɗakinsa ya sayar. Aikin nan ya yi mini, domin yana da tsari. A kaɗa ƙararrawa, a fito da kaya, ni in ɗauka in zagaya da shi kowa ya gani, sannan a fara tayi. Ba a ciniki da baki irin namu. Hannu kawai za ka ɗaga, ka ƙara kuɗi ke nan. In ya buga guduma a tebur, magana ta ƙare, ko uwarka ce ta zo ba a warwarewa.

Ruwa ya fara sauka a Kumashi. Duk ɗan cin rani ya san abin da wannan ke nufi: damina daga kudu take tasowa, tana hawa arewa sannu sannu, dole ka riga ta isa gida. Muka yi shiri, muka ji kuɗin mota. Ranar aikina ta ƙarshe aka yi gwanjon kayan wani tsohon Bature ɗan kasuwa da ya mutu. Kawu ya ce zai zo ya jira ni, in an tashi mu wuce tasha. Na ce masa, "Kawu, ka zauna baya. Kar ka taɓa komi, kar ka yi magana, kuma kar ka ɗaga hannu."

Ya ce, "Yaro, tun ba a haihe ka ba nake shiga taro."

Aka sayar da kujeru, aka sayar da gadon ƙarfe. Aka fito da garmaho sabo fil, yana ƙyalli, ya tafi a fam uku. Sannan Mai Ƙararrawa ya nuna mini wani tsohon akwati na baƙin katako, kusurwarsa ɗaya har ta ci. Na ce a raina wannan ko sule biyar ba zai yi ba. Ya ja wani hannu na ƙarfe a gefensa, ya ja, ya ja, ya buɗe murfi, ya ce in ɗauka.

Na rungume shi a ƙirji ke nan, sai ya fara kiɗa!

Wallahi saura kaɗan in sake shi. Wani sauti ne siriri, kamar ana ɗiga ruwa a tasa, daga nan ƙananan ƙararrawa suka amsa. Na leƙa ta gilashin da ke ciki. Ga ƴar ganga ba ta fi bakin ludayi ba, ga ƴan sanduna suna tashi suna dukanta, ba hannu, ba mutum. Jijjigar kiɗan har cikin haƙarƙarina. Na zagaya da shi, mutane na miƙa wuya. Da na iso baya, Kawu ya miƙe tsaye, ya dubi gangar nan, bakinsa ya buɗe. Na wuce na koma gaba na tsaya, ina fuskantar jama'a, aka fara tayi.

Wata Baturiya ta ɗaga hannu. Wani Kwara, farin Balarabe mai kanti, ya ɗaga. Kafin in ankara an wuce kuɗin garmaho. Sai sandunan nan suka yi wani sauri a kan ganga, suka tsaya cak, suka sake ɗauka. Ina kallo Kawu Namata ya dunƙule hannun dama, ya ɗaga sama, ya girgiza.

A wurinmu wannan jinjina ce. Ita ake yi wa sarki in ya fito, ita ake yi wa gwani in ya yi abin da ya isa. Makaɗi ba ya ganin kiɗan da ya fi nasa ya bar hannunsa a ƙasa, rashin kunya ne. Amma Mai Ƙararrawa Bafante ne, hannu ya gani. Ya nuna Kawu da guduma, ya kira fam shida.

Na buɗe ido, na girgiza kai, na murguɗa baki. Kawu bai ko dube ni ba, akwatin yake kallo. In na saki hannu ɗaya abin zai faɗi ya fashe, kuma ni zan biya. In na yi magana na ɓata gwanjo. Kwara ya juya ya dubi wannan baƙin mutum mai yagaggiyar riga da ke ja da shi, ransa ya ɓaci, ya ƙara. Baturiya ta ƙara. Ganga ta sake yin saurin nan, hannun Kawu ya sake tashi. Jama'a suka fara shewa, ƴan dako na bakin ƙofa suna tsalle, suna ganin namu ya kama Kwara da kokawa. Baturiya ta janye a takwas. Kwara ya kai goma, yana share gumi. Kiɗan ya zo ƙarshe, duk ƙararrawan suka kaɗa tare, Kawu ya ɗaga hannu har yana ɗage a kan yatsun ƙafa, ya ce da ƙarfi, "Gaishe ku!"

Guduma ta sauka. Fam goma sha ɗaya.

Na ajiye akwatin, na je wurinsa. "Kawu, mi ka yi?"

"Mi na yi? Gaisuwa."

"Ban ce kar ka ɗaga hannu ba?"

"Wa ya ɗaga hannu? Jinjina na yi wa mutanen ciki. Kai ba ka ga ana kiɗa ba hannu ba ƙahwa? In wuce su awa ban gani ba, su biyo ni gida?"

"To sun biyo ka, Kawu. Ka saye su."

Na roƙi Mai Ƙararrawa har na durƙusa. Ya ce a gaban jama'a aka yi, in ya warware yau gobe ba mai zuwa gwanjonsa, kuma in ba a biya ba doka ta ce ƴan sanda. Kawu ya kwance ɗamara. Abin da ya rage bai isa ya kai mutum ɗaya rabin hanya ba. Mai Ƙararrawa ya yafe la'adarsa, ya ba mu tsohon bargo mu naɗe akwatin, ya koya mini yadda ake jan hannun ba tare da an tsinka ba. Ya ce zai iya sake sa shi a gwanjo, amma sai wani wata. Wani wata kuwa an gama shuka. Na tambaye shi yadda tsohon abu ya fi sabon garmaho tsada. Ya ce, "Garmaho kullum jirgi na kawowa. Wannan an daina yinsa tun kafin a haife ni. Bature, in abu ya ƙare a duniya, lokacin yake sonsa. Kar ku yar da shi."

Muna fita Kwara ya tare mu, yana murmushi. "Aboki, fam biyu, ku huta da kaya."

Kawu ya ce, "Ɗazu da hannunka ka taya goma. Daga ɗaki zuwa ƙohwa ne ya lalace? Albarka."

Fam biyu ba za ta kai mu gida ba. Na yi gammo, na ɗora akwatin a ka.

A tashar mota muka fara gane abin da ke hannunmu. Na sauke shi don in huta, Kawu ya ce in tashe su su gaisa da mutane. Na ja hannu, kiɗa ya tashi, tasha ta watse ta dawo kanmu. Masu goro, masu tuƙa kura, har direbobi suka bar motocinsu. Kawu ya ari ƙwarya wurin wata mai koko, ya kife, ya fara bin kiɗan da yatsu, a hankali, har ya kama shi. Kai! Abin ya zama wani abu dabam. Kwabo ya riƙa faɗowa kan bargo. Wani direba ya ce mu hau, kyauta, amma duk inda ya tsaya shan ruwa sai an kaɗa masa.

Shi ya kai mu Yeji, bakin babban kogi. A nan damina ta cim mana karo na farko. Muna cikin jirgin fito hadari ya taso daga kudu, baƙi ƙirin. Muka tuɓe rigunanmu muka ƙara wa akwatin a kan bargo, muka kwanta bisansa, ruwa na dukan bayanmu. Wani falke ya ce bai taɓa ganin kaza biyu a kan ƙwai ɗaya ba.

Daga nan ƙafa muka sa har Salaga. Nauyin abin nan sai wanda ya ɗauka. Wuyana ya ƙage, tsakiyar kaina ta yi kanta. A wani ƙauye muka kaɗa, liman ya ce aljanu muke yawo da su, aka raka mu da jifa har bayan gari, ba ko ruwan sha. Gaba kaɗan muka faɗa rugar Fulani. Matan suka ji sau ɗaya, suka ce a sake, suka ce a sake. Suka cika mana ƙwarya da nono, har da dunƙulen fura ta gero. Rabona da ita tun gida. Na sha ina kau da kai, kada Kawu ya ga idona.

Duk tafiyar nan Kawu yana yi wa akwatin turare kowace safiya. A Tamale na kai shi wurin wani mai gyaran agogo don ya ɗiga masa mai. Mutumin ya cire gilashi, ya nuna mana wani mulmulallen ƙarfe kamar taɓarya, jikinsa duk ƴan ƙayoyi. Ya juya shi da yatsa, kowace ƙaya ta taɓo haƙorin wani ƙarfe mai kama da mataji, sauti ya fito. Na ce, "Kawu, ga mutanenka nan. Ina suke?"

Ya daɗe yana kallo. Ya sa farce ya shafi ƙayoyin. Ya ce, "Wanda ya zauna ya dasa waɗanga ɗaya bayan ɗaya, kiɗa na cikin kainai bai ɓata ko guda ba, shi na yi wa jinjina. Bai isa ba?"

Na rungumi akwatin muka fita. Amma turaren bai daina ba.

Daga Tamale wata mota, wata ƙafa. A iyakar Faransa ƴan duwan, masu binciken kaya, suka sa muka kaɗa musu duk waƙoƙin da ke ciki, suka kwashe rabin kwabbanmu, suka ce mu wuce. Da muka shiga ƙasar Gurma muka tarar mutane na gona, an yi ruwa, ana shuka. Damina ta tsallake mu. Muka riƙa tafiya tun asuba har rana ta faɗi, sai da muka sake taka busasshiyar ƙasa kusa da Kwara, babban kogin Yamai, sannan na yi numfashi.

A tashar Yamai muka sami labari wurin ƴan kamyo, masu manyan motocin kaya: an yi ruwa Gaya, Doso ana ganin walƙiya. Da ƙafa ba za mu riga shi ba ko da gudu muke. Akwai kamyo mai zuwa Dogon Dutsi a yammacin nan, kuma direban ya ce shi ba ya shan kiɗa, kuɗi yake so.

Na ce, "Kawu, yau za mu rabu da su."

Ya ce, "Wa za ka kai wa? Su taya maka awa na Kumashi?"

"Ba wanda zan kai wa. Su za su zo."

Akwai wata rumfa kusa da kantuna inda Faransawa da manyan akawuna ke zama da la'asar. Na shimfiɗa bargo a gabanta, na bi tsarin Mai Ƙararrawa ban tsallake komi ba. Kawu ya kaɗa ƙwarya maimakon ƙararrawa har aka taru. Na goge akwatin, na ja hannu, na rungume shi na zagaya. Wata madam ta dafe ƙirji, ta ce wa mijinta wani abu, idonta ya kawo ruwa. Wani akawu ɗan Dahome ya fassara mini, wai kakarta na da irinsa. Na ajiye, na ɗauki ludayi, na faɗa da ɗan Faransancin lakwal cewa gwanjo ne, mai so ya ɗaga hannu.

Suka yi dariya. Wani ya taya jikka ɗaya, faran dubu ke nan, don wasa. Madam ta ɗaga. Wani mai kanti ya ɗaga. A jikka uku abin ya tsaya, kiɗa ma ya mutu, ga kamyo can ana ɗaure kaya. Na ji gumi na bin bayana. Ban buga ba. Na sake jan hannu, na juya akwatin ya fuskanci madam, Kawu ya shiga da ƙwarya ƙasa ƙasa. Matar kumandan wani gari da ke zaune gefe ta ɗaga yatsa. Madam ta dube ta, ta ɗaga. Shi ke nan, wuta ta kama! Huɗu, biyar, shida, mazansu na jan hannuwansu suna fizgewa, ƴan kallo na kirari. Ni kuwa ina kiran ƙidaya da muryar da ban san ina da ita ba. A jikka bakwai matar kumandan ta ɗauke kai. Na buga ludayi a ƙwarya har ya tsage.

Kawu ya naɗe akwatin da hannunsa, ya miƙa wa kukun madam, ya ce a gaya mata kada a bar shi a rana. Muka ruga tasha, motar na tafiya muka kama ƙarfe.

Bayan Doso ruwa ya rufe mu. Kamyo ya kafe, muka tura, ya sake kafewa, muka sake turawa. Da jan dutsen Dogon Dutsi ya bayyana, jiƙe yake sharkaf. Muka dira, ko kasuwa ban shiga ba, muka kama hanyar arewa. Kowace gona da mutane a ciki. Wani makiyayi ya ce hadarin ya wuce har Dogon Kiriya, ya zubar sosai. Rana kuma ta fito tana shan laimar a idonmu. Kawu ya ce in wuce in bar shi, na ce ba zan shiga gida ba shi ba, ya zage ni, ya ƙara sauri.

Washegari da hantsi muka hango gonarmu. Mahaifiyata ce riƙe da sungumi, tana sara tana hutawa, layin ya karkace. Matata na bayanta da goyo tana zuba iri. Mahaifina ya dafa kafaɗar matata, yana laluben ramuka da diddige yana rufewa. Ko kwatan gonar ba su kai ba.

Na yi sallama. Matata ta saki ƙwaryar iri. Mahaifina ya tsaya, ya juyo da kunnensa. Mahaifiyata kuwa, ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta dubana a gaban mutane. Ta dubi ƙanenta, ta miƙa masa sungumin.

"Namata, kun iso? Ba wancan, ka ce mishi ƙasa ba ta jira."

Na durƙusa na tura hannu cikin yashi. Sama ya fara bushewa, amma ƙasa da sanyinta har wuyan hannu. Na tuɓe riga, na karɓi sungumi, na koma bakin gona na ɗauko layi daga farko.

Alhamdu lillahi.